Tukunyar Kwamfuta

Tukunya biyu ce a wurin aikin. Ta gasken tana bayan gilashi mai kauri, cike da narkakken gishiri ja wur, inda ake narka ragowar makamashin nukiliya don a tsamo abin da bai gama ƙonewa ba. Ɗayar tana cikin kwamfuta, lissafi ce zalla, kuma mai kula da ita wani mai sanƙo ne da ake kira Injiniyan Zaune, don tun da aka ɗauke shi aiki ba abin da ya taɓa ƙona shi sai shayi.

Aikinsa ya hango abin da gishirin zai yi kafin ya yi. Fargabar kowa ɗaya ce: kada gishiri ya daskare a bututu. In ya daskare, dole wani ya sa rigar kariya ya shiga ɗakin nan da gubarsa ba ta wari. Watan nan kuwa layi ya zo kan ƙanin matarsa.

Ran nan da tsakar rana yunwa ta ciyo Injiniya, ya dakatar da lissafin ya fita neman abinci. Sai ya tarar da mutane cirko-cirko gaban gilashin, ƙanin matar yana zura ƙafa a riga.

"Mijin Yaya, kallo ka zo? Gishiri ya tsaya cak."

"Wuta aka ɗauke?"

"Wuta na ci. Leƙa ka gani."

Ya leƙa. Wata kumfa ta taso a saman gishirin, ba ta fashe ba, ba ta koma ba. Ya san kumfar nan. A kanta ya bar allon kwamfutarsa.

"Ka faɗa wa Yaya in na fito ina walƙiya, ta huta da sayen ƙwan lantarki."

"Cire ƙafarka, sarkin surutu. Jira ni."

Mutumin da likita ya gaji da roƙonsa ya riƙa tattaki, ran nan da gudu ya koma ofishinsa. Yana danna maɓallin ci gaba da lissafin, ya jiyo su ta bango: "Ta fashe! Ya motsa!"

Ya zauna yana haki. Can idonsa ya sauka ƙasan allon. Kowane lissafi da lokacin ƙarewarsa, wannan kuwa shi da hannunsa ya sa ya ƙare da an tashi daga aiki. In ya ƙare, gishirin gaske ma zai tsaya ke nan.

Ya goge, ya sa ranar ritayarsa. Sai ya tuna da mai shiga ɗakin. Ƙanin matar da sauran ƙuruciyarsa, zai daɗe a wurin bayan shi ya tafi. Ya sake gogewa, ya yi ta ƙara shekaru, yana ƙarawa, har gurbin ya ƙi karɓar lamba.