Kwallin da Ya Ƙi Goguwa

A bangon ɗakin Tahmina akwai hoton bikinta, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi abin da ya sami ango. Shahzeb na zaune kusa da ita cikin rawani da riga mai ruwan zinare, idanunsa jawur, baƙaƙen layuka biyu sun gangaro masa har gemu. Ba baƙin ciki ba ne. Kwallin Fufi Nasrin ne, ƙanwar mahaifinsa, wanda take ajiyewa a wani gidan kwalli na azurfa da ta gada. A gidansu, kamar sauran gidajen tsohon birnin Multan, ango ba ya hawa goɗiya ya tafi ɗauko amarya sai matar wansa ta sa masa kwalli ta karɓi tukuici. Shahzeb shi ne babba, ba shi da wa, don haka Fufi ta yi aikin da kanta. Har yau ƙannen Tahmina "ango mai hawaye" suke ce masa.

Fufi ta yi imani cewa kwallin da ba ya raɗaɗi ba kwalli ba ne, kuma hawayen da yake kawowa dattin ido ne yake fita. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda aka yi ita, da ta ƙare rayuwarta tana wanke ido haka, sai ta nemi mai zura mata zare a allura.

Yanzu bikin Junaid ne ya matso, ƙanen Shahzeb, an kuma sa shi a tsakiyar zafin da mangwaro ke nuna. Ya sami Tahmina a kicin tana murza gurasa, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Bhabhi, matar yaya, ki rufa mini asiri. Ke za ki sa mini kwallin nan. Amaryar nan ƙannenta mata sun fi naki yawa, sun kuma fi su baki."

"Yawa dai. Masu fin su baki kam ba a haife su ba tukuna. Me zan samu?"

"Addu'a."

"Addu'a kullum ina samu kyauta wajen Ammi, mahaifiyarku."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya ce mata har mai ɗaukar bidiyo dangin amarya suka ɗauko, kuma shi ko hayaƙin turare ya shiga idonsa sai ya wuni yana share hawaye. Tahmina ta tuna ranar bikinta, da aka ajiye madubi tsakaninta da Shahzeb don ta fara ganin fuskarsa, ta ga mutum kamar an ƙwato shi daga gobara. Ta yi wa Junaid alkawari: zai isa gidan surukansa da ido baƙi, fuska fes, ba ɗigon hawaye. Wannan ne kuma karo na farko da za a sa ta gaba a taron dangi tun zuwanta gidan, kowa zai zuba mata ido.

Washegari ta hau riksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa babban kantin kayan kwalliya na sabuwar unguwa. Yarinyar kantin ta ɗauko fensirin kwalli ɗan ƙasar waje, ta ja mata layi a bayan hannu, ta fesa ruwa, ta murza da yatsa. Layin ko gezau. Tahmina ta ji zuciyarta ta yi tsalle. Da ta ji farashin kuwa sai zuciyar ta koma mazauninta, don kuɗin siririn fensirin nan zai cika wa gidansu buhun gari har da canji. Ta ce za ta dawo, irin dawowar da kowa ya san ma'anarta. A hanya ta tsaya cikin kasuwa ta sayi mai arha a wajen mai tebur. Kafin ta kai gida ya narke a cikin jaka, ya ɓata mata hankici.

Layin kantin dai yana nan a bayan hannunta. Ta wanke shinkafa da shi, ta yi wanke-wanke da shi. Da la'asar tana zaune tana kallonsa kamar mai hararar abokin gaba, sai ta kai shi hanci. A ƙarƙashin turaren da suka sa masa akwai wani ƙamshi da ta sani tun tana rarrafe. Rumfar mahaifinta ce. Baduku ne, mai ɗinka takalman ado na amare, kuma ba ya soka zare a fata sai ya goga masa kakin zuma don kada ruwa ya ci shi.

Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ashe abin da ake sayarwa da tsadar nan baƙi ne da kaki!

Baƙin ba wuya. Kowace tsohuwa a unguwar ta san yadda ake kunna lagwanin auduga a kaskon man shanu, a kifa farantin tagulla a kan harshen wutar, a kankare baƙin hayaƙin da ya taru. Abin da aka saba shi ne a kwaɓa shi da man shanu, shi ya sa da zafi ya taso yake malalowa. Tahmina ta je gida ta gaishe da mahaifinta, ta dawo da curin kaki a ƙullin mayafi. Ta hau soro da kaskonta da farantinta da wani tsohon cokali, ta ce wa mutanen gida za ta shanya barkono.

Na farko da ta narka ya yi tauri kamar ƙusa, ya ƙi rubutu. Na biyu ya yi laushi, ya shafe mata yatsu. Ta rage wannan, ta ƙara wancan, tana ɗiga man ridi kaɗan-kaɗan, tana ɗura kwaɓin a bututun shan lemo. Firij ba abin dogara ba ne da ɗauke wutar da ake yi, don haka ta tura bututun cikin randa, ruwan sanyi ya daskarar da kwaɓin. In ya kama jiki sai ta tsaga bututun da reza, ta naɗe sandar da takarda, ta fere bakin.

Sai gwaji. Ido mai hawaye take so, kuma ba abin da ke kawo hawaye a arha kamar albasa. Ta sa kwallinta ta zauna gaban kwando. Ta yanka ta abincin rana, ta yanka ta dare, ta leƙa maƙwabta ta karɓo tasu. In ta gama sai ta ruga madubi, ta ga inda ya zubo, ta koma soro. Da yamma kuma ta jiƙa auduga da mai ta goge, don ta lura tun rana ta farko ruwa da sabulu ba sa yi masa komai.

Ammi, uwar mijinta, ta ga matar ɗanta kullum ido sharkaf, kullum tana hayewa soro ita kaɗai. Ta ja Shahzeb gefe ta wanke shi tas. Ya rantse bai yi komai ba, ta ce ai rashin yin komai ɗin shi ne laifin maza. Bawan Allah ya dawo daga aiki da ƙullin alewar madara, ya miƙa wa Tahmina yana ba da haƙuri a kan abin da bai sani ba. Ta karɓa ta cinye, sannan ta gaya masa gaskiya.

Ranar da abin ya yi, ta yanka albasa har hancinta ya toshe, ta tsaya gaban tanderu ta gasa gurasar gidan duka, zufa na bin wuyanta. Ta ɗaga ƙaramin madubi. Layin na nan siriri, baƙi ƙirin, kamar yanzu ta ja shi, idon kuma ba ja ba ƙaiƙayi. Ta sauko da gudu ba takalmi, ta ci karo da Junaid a tsakar gida, ta buɗe masa ido kamar mujiya.

"Duba nan. Me ka gani?"

"Na ga Bhabhi ta haukace."

"Ka ga mutuncinka ne, marar godiya. Ka fara tanadin tukuici."

Ranar biki gidan ya cika har matakala. Makaɗa na waje suna dukan ganga, goɗiya fara na tsaye an lulluɓe ta da ja. Aka zaunar da Junaid a tsakar gida, mata suka yi masa zobe suna waƙa. Fufi Nasrin ta ratso su a hankali, ta ɗora gidan kwallinta na azurfa a tafin Tahmina. Junaid ya runtse ido.

Tahmina ta riga ta yi tunanin wannan. Ta karɓa da hannu biyu, ta tsoma tsinken, ta ɗiga masa baƙin ɗigo a bayan kunne, inda ake sa wa don kau da bakin mutane. Ta ce kwallin kakanni shi ya cancanci tsare ango, nata na ado ne kawai. Sannan ta zaro sandarta daga cikin mayafi. Mata suka miƙa wuya. Wata ta tambaya ko daga Dubai aka aiko mata, Tahmina ta ce daga soro ne.

Ta ja idon dama a tashi ɗaya. Junaid ya ƙifta, ya jira raɗaɗi, raɗaɗi bai zo ba. Ya washe baki. Ta janye hannu, kamar yadda aka saba, ta ce ido na biyu sai an biya, in ba haka ba ya tafi wa amarya da ido ɗaya. Aka yi ta ciniki ana shewa, yana kukan talauci tana ƙara farashi, har Shahzeb ya tura masa wani abu a aljihu, Junaid ya miƙa mata.

Abu ɗaya ne Tahmina ta manta. A danginsu, in matar wa ta kai hannu ido na biyu, babbar mace a wurin takan tunkuɗe mata gwiwar hannu, kwalli ya shafi kumatun ango, a yi dariya, a goge da gefen mayafi. Wanda aka saba sawa garin kwalli ne, ko hura shi aka yi zai tashi. Fufi, wadda tun ɗazu take cika tana batsewa, ta yi tunkuɗar da ta fi ta al'ada ƙarfi. Baƙin layi ya tashi daga gefen idon Junaid ya sauka har kusa da baki.

Aka kwashe da dariya. Ammi ta kama gefen mayafinta ta goga. Layin na nan. Ta lasa mayafin ta sake gogawa. Ya ɗan faɗaɗa, ya zauna daram. Dariya ta fara raguwa. Aka kawo ruwa, aka kawo sabulu, wata ta ce lemon tsami, wata ta ce toka. Hannuwa suka yi wa fuskar ango yawa, kumatunsa ya yi ja, rabin fuskarsa ya koma kamar gindin tukunya. Daga waje mahaifin ango ya aiko cewa rana na yi, dangin amarya sun bugo waya.

"Ga abin da ake samu in an bar na gado," in ji Fufi, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

Junaid ya ɗago ya dubi Tahmina.

Ita kuwa wani abu mai kama da dariya ne ya taso mata a ƙirji. Mata goma da sabulu sun kasa! Ta ture hannuwan, ta ce kowa ya matsa, ta faɗa kicin ta fito da gwangwanin man shanu da curin auduga. Ta lakato, ta shafa masa a kumatu, ta ɗan jira, ta share. Baƙin ya biyo audugar salin-alin. Ta sake, ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta shafa masa hoda. Sannan ta riƙe haɓarsa da hannun hagu, ta dubi Fufi.

"Fufi, a riƙe mini gwiwar nan, kada wani ya tunkuɗe ni."

Mata suka fashe da shewa. Fufi ta yi kamar ba ta ji ba, sannan ta matso ta riƙe. Tahmina ta ja ido na biyu.

Aka saukar masa da labulen furanni a fuska, aka ɗora shi a goɗiya. Goɗiyar ta waiwayo tana shinshinar ƙamshin man shanu, Shahzeb ya ce ko dabba ta san an soya ango. Tawaga ta tashi cikin rana tsaka, ana rawa ana watsa furanni, zufa na tsiyaya daga kowane rawani.

A gidan biki Tahmina ta kutsa har gaba, ta tsaya inda za ta ga komai. Ƙannen amarya sun jeru da kofin madarar da za su ba ango, bakunansu a shirye. Mai bidiyo ya haska fitilarsa. Aka ɗaga labulen furanni. Idanun Junaid farare tas, kewaye da baƙi siriri, kumatu ba tabo. 'Yan matan suka duba sama, suka duba ƙasa, suka rasa abin kamawa. Daga ƙarshe ƙaramarsu ta ce ango na ƙamshin gurasar safe. Junaid ya ce ai gara a ji yunwa in an gan shi da a ji tausayi. Ya nemo Tahmina da ido cikin taron, ya ɗaga mata gira.

Tana cikin cin shinkafa aka taɓa kafaɗarta. Fufi Nasrin ce, zafi ya narkar da kwallinta, layuka biyu sun gangaro mata irin na hoton bango. Ta zauna, ta yi gyaran murya, ta ce ai kakarta ma da kaki take haɗa nata, mutanen yanzu ne suka manta. Tahmina ta ce haka ne, Fufi. Tsohuwar ta bi mata masu wucewa da kallo.

"Sandar nan taki tana kusa?"

Tahmina ta goge hannu, ta buɗe jaka. Audugar da ɗan man da ta ƙullo saboda ango ta fara fitowa da su.

"Rufe idon, Fufi. Sai dai fa ba ya raɗaɗi."

"Sa dai," in ji Fufi. "Yau ɗaya ba za ta kashe ni ba."