Baƙuwar da Balaraba Ta Gayyato

Takalman Zayyanu na bakin ƙofa, shi kuwa yana tsugune a gaban ma'aikata kamar mai neman gafara. Bari ku ji yadda aka yi.

A wani ofishi da ke Gidan Dahala ake tsara saƙonnin murya da ake aika wa manoman shinkafa ta waya. Balaraba ce ta sha wahalar haɗa darasin koya wa abokan aiki yin saƙo don mai saurare, ba don burge oga ba. Zayyanu ya kira darasin wasan yara. Da ya ji shugabar ofis na neman mai jagorantar horon, sai ya goge sunan Balaraba daga kan darasin ya sa nasa.

Balaraba ta ci gaba da aikinta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ita har romo ta so sha.

Darasin ya tanadi a kawo manomi na gaske, a kunna masa saƙo, a ji abin da ya gane. Zayyanu ya bar mata wannan, wai aikin aike ne. Ta kuwa shiga mota zuwa Wamakko, ta ɗauko Inna Uwani, surukarsa.

Ranar horon, Zayyanu na ganinta a ofis ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Wa ya isa ya tsaya ƙerere gaban uwar matarsa?

Balaraba ta kunna saƙon taki, wanda Zayyanu ya rubuta, wani ya karanta. Kalmomi manya-manya suka yi ta zuba.

Tsohuwa ta karkata kunne. "Ɗiyata, wanga mi shika faɗi? In zuba takin ko in bari?"

"Inna, ke za ki gaya mana."

"Ya haɗiye rediyo ne? Wanda ya tsara wanga zance, Allah shi sa ba shi da mata. Ko gishiri ta aike shi, lacca za ya kawo mata."

Dariya ta ƙwace wa masinja. Mai jagorantar horon kuwa yana nan tsugune.

Shugaba ta dubi Balaraba. "Ci gaba da horon. Da alama kin fi sanin hanyarsa."

Da za ta tafi, Inna Uwani ta juyo ga surukinta.

"Zayyanu, kai da ka yi boko, ka taimaki bawan Allahn nan."

"To, Inna," ya ce, idonsa a ƙasa.