Cokalin Dudu

Zazzaɓin bai tashi kama Hansatu ba sai da ya rage mata kwana ɗaya. Wata uku ke nan tana aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti can gaba da Damagaram, ita da ta baro Funtuwa da takardar jinya da niyyar gyara duniya. Gobe da safe mota za ta zo ɗaukarta. Ga kuma Dudu, 'yar wata goma sha huɗu da tamowa ta tsotse, ba ta karɓar kunun magani sai daga hannunta. Uwar yarinyar, Daso, kullum tana zaune bakin gado kusa da surukarta, fuska a bango, ko kallon 'yar ba ta yi. Abin ya ƙona wa Hansatu rai har ta daina miƙa wa Daso cokalin. To in ta tafi, wa zai ba Dudu?

Bayan azahar ta shiga ɗakin magani ta kishingiɗa a benci, wai minti biyar. Sai bencin ya fara tafiya.

Da ta sauko, ta tarar tana tsaye a kan tef ɗin nan da ake auna dantsen yara da shi, wanda ja ke nuna tamowa, kore kuma lafiya, ya miƙe ya zama hanya. Inda take ja ne, yana ƙuna kamar kaskon suya. Can gaba rawaya, can nesa kore. Ta ɗaga ƙafa, amma duk takun da ta yi sai jan ya ƙara tsawo.

"Ke ce baƙuwar nan mai sauri?" in ji tef ɗin daga ƙarƙashinta.

"Yarinya zan kai kore kafin gobe."

"To ina yarinyar?"

Ta shafa bayanta. Babu goyo, sai jakar tafiyarta. A wani wuri da ba ta gani mota ta yi ham.

Hanyar ta kai ta gindin aduwa, inda sikelin jarirai yake rataye yana lilo, alhali ko iska babu.

"Juye abin da kika kawo," in ji sikelin.

Ta zuge jakar, tana tsammanin magunguna. Idanu ne suka zubo, fal, suna ƙiftawa. Allurar sikelin ta zagaya har ta kusa karyewa.

"Na wane ne waɗannan?"

"Naki. Tun da kika zo kike barin su a bakin gadon nan. Sun fi yarinyar nauyi."

Ta so ta yi musu, don Hansatu ba ta barin magana ta kwana, amma aduwar ta riga ta narke. Sai ga ɗakin yara a tsakiyar kasuwa, babu bango babu rufi. Masu goro sun bar goro, masu awo sun bar awo, har awaki sun daina tuƙa, kowa ya zuba wa gado ɗaya ido. Cokali yana hannunta. Ta yi ta yarfe shi, ya manne wa tafinta. Motar ta sake yin ham, kusa yanzu, hankalinta ya tashi. Ta kutsa cikin taron tana neman wanda zai karɓa, kowa ya maida hannu baya.

Ta faɗa wata ƙofa, sai ga ta a tsakar gidansu na Funtuwa. Wata mata tana zaune gaban murhu, ta ba ta baya, tana fifita kunu. Hansatu ta zagaya dama, bayan ne. Ta zagaya hagu, bayan ne. Amma ta gane ɗankwalin. Inna ce, mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda ita ce 'yar fari. Daga "ke" sai "waccan". Shekara talatin da biyu tana ɗauke da wannan ciwon, ba ta gaya wa kowa ba.

"Inna, ki dube ni mana."

"Ke, rufe ido."

"Don me?"

"In ana kallo ba zan iya ba."

Ta rufe. Cokalin ya saki hannunta da kansa. Sai ta ji shi a leɓenta, kunun tsamiya mai ɗumi, an ɗan hura shi. Ta san ɗanɗanon nan. Tana shekara shida ƙyanda ta liƙe mata ido kwana tara, wani hannu yana ba ta wannan kunun in gida ya watse, ita kuwa duk zamanta ta ɗauka kakarta ce. Hannun ya share mata baki. Wata murya ta yi ƙasa ƙasa, kamar mai sata.

"Hansatu. Ƙara ɗaya."

Ta buɗe ido don ta gani, sai silin ɗakin magani. Rigarta ta jiƙe sharkaf, ana kiran la'asar. Sai ta tuna Dudu ma 'yar fari ce.

Ta dama kunun a kofi, ta nufi ɗakin yara. Ta rusuna wa surukar Daso.

"Goggo, don Allah ki ɗan fita ki sha iska, zan gyara wurin."

Tsohuwar ta tashi tana ƙunƙuni. Hansatu ta warware mayafinta, ta ɗaura gefe ɗaya a sandar ƙarin ruwa, ɗayan a ƙusar taga, gadon ya ɓace a bayansa. Ta tura wa Daso kofin da cokalin ta ƙasan mayafin, ta juya baya.

Ta yi ta jira, har ta fara jin haushin kanta da ta biye wa zazzaɓi. Can sai cokali ya taɓa kofi. Ya sake taɓawa. Wata murya ta faɗi wani abu da Fillanci, ƙasa ƙasa, a ciki ta tsinci sunan Dudu.

Wuyanta ya yi ta son ya waiwaya. Ta kafe idonta a bango.