Kunkunniyar Murhun Inna

Tun da Tasallah ta ji tsayawar mashin a ƙofar gida ta san ƙaninta Albashir ne, don haka ko juyowa ba ta yi ba. Ta ci gaba da jera tarwaɗa a kan raga, tana cusa ice a murhun banda kamar icen ne ya yi mata laifi.

Wata bakwai ke nan rabonsu da juna. Albashir mai zane ne a birnin Kwatano na ƙasar Benin, sai dai zanen nasa ba mutum, ba tsuntsu, ba ko ganye. Ƙyalle yake ɗamewa a jikin katako ya lafta masa baƙi daga sama har ƙasa, a rataye a ɗakin baje koli, masu hannu da shuni su zo su tsaya suna gyaɗa kai. Da a nan abin ya tsaya, da Tasallah ta ce Allah ya ba da sa'a, kowa da kiwon da ya karɓe shi. To amma baƙin nan ba a kanti ya sayo shi ba.

Murhun na mahaifiyarsu ne, Inna 'Yar Baba. Ita ta gina shi da lakar bakin kogin Kwara, ta yi shekara talatin tana banda a cikinsa, har kunkunniya da man kifi suka yi masa ɓawo mai kauri. Duk mai banda a Bagudo ta san ba a taɓa ɓawon nan. Shi ke toshe tsaga, shi ke riƙe zafi, shi ke ba kifi ƙamshinsa. Matan Segbana da ke ƙetaro iyaka saron kifi, da sun shinshina kwando suke cewa wannan na 'Yar Baba ne.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin Inna, Tasallah ta tafi kasuwa. Kafin ta dawo, Albashir ya sa wuƙa ya kankare murhun tas, ya cika buhu ya kama hanya. Da kunkunniyar nan da ƙaro ya yi zanensa goma sha biyu.

Murhu ya tsage wuri uku. Ta liƙe da sabuwar laka, kifi ya koma warin ƙasa, matan Segbana suka shinshina suka wuce gaba. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cin ranta shi ne, da, in ta hura wuta da safe, sai ƙamshin Inna ya cika gidan kamar tana zaune a gefe. Yanzu hayaƙi ne kawai.

"Yaya, ina wuni," in ji Albashir. Ya jingine wani faffaɗan abu da bango, ya kwance takardar da ya naɗe shi da ita.

"Mi kaz zo kankarewa yau? Bangon ɗaki ko kabarin Inna?"

Ya haɗiye maganar. "Goma sha ɗaya an saye su. Wanga na hana, duk da naci da anka yi. Shi na hwara yi, shi ya hi kauri. Naki ne."

Tasallah ta dube shi sheƙeƙe, ta dubi abin. Baƙi ne ƙirin, da tudu da kwari, sai ka ce gindin tukunya.

"Sunan Inna na rubuce a bangon wurin baje kolin," ya ce. "Mutane ɗari nawa sunka tsaya gabanta. Murhu rushewa zai yi wata rana, Yaya. Ni adana ta niy yi."

"Adana ta? Ka raba uwarka gidajen baƙi goma sha ɗaya, waɗanda ko gaisuwar mutuwarta ba su zo ba. Kai kanka wane ciwo nata kay yi jinya? Ni na ɗauke ta, ni na kwantar. Abu guda ta bar min, ka bi bayana ka sace."

"Ni ma uwata ce."

"To, bari in mai da abin inda kaɗ ɗauko shi."

Ta sungumi zanen ta taka katakon har ya karye. Albashir ya riƙo hannunta, ta fizge. Ta dunƙule ƙyallen ta tura shi can cikin murhu, ta bi shi da ice.

Wuta ta yi jim, sannan ta kama. Wani hayaƙi mai nauyi ya turnuƙe, ya ratsa raga, ya bazu a tsakar gida. Sai Tasallah ta tsaya cak da icen a hannu. Ƙamshin ne. Shi ne sak, na safiyar shekara talatin, wanda ta yi wata bakwai tana nema.

Ta zube a bakin murhu ta zura hannu cikin wuta tana laluben ƙyallen. Abin da ta zaro bai kai tafin hannu ba, shi ma ya ruɓushe a yatsunta.

Albashir ya naɗe takardarsa ya fita, ta ji tashin mashin. Ita kuwa ta zauna cikin hayaƙin tana shaƙa da ƙarfi, tana tari, hawaye na zuba, har iska ta kwashe shi.