Takardar da Ke Ƙulle a Bakin Zani

Morolake ba ta gama durƙusawa ba kakarta ta kamo hannunta, ta ja ta cikin rumfa har bayan buhunan alabo.

"Mama Agba, ki bari in gaishe ki mana."

"Na amsa. Zauna nan. Kin zo da babban littafin?"

Ta zo da shi. Tun da sassafe tsohuwar ta buga waya ta ce ta biyo ta kasuwar Bodija kafin ta shiga aji, kuma ta taho da ƙamus ɗin nan da ke ɓalle mata hannun jaka. Ƙarfe goma sha biyu Rolake, kamar yadda ake kiranta a gida, ke da darasin Dokta Fagbenro, ga shafi biyu na jawabin wani lauyan Rum ba ta gama fassarawa ba, mutumin da in ya buɗe baki ba ya numfasawa sai ya cinye rabin shafi.

Shekararta ta biyu ke nan tana karatun Latin a jami'a, kuma dangi sun yi mata dariya har sun gaji. Kawunta in ya gan ta sai ya ce ta gaishe masa da matattu, tunda da su kaɗai take hira. Mama Agba ce ba ta taɓa dariya ba. Tambaya ɗaya take yi duk hutu: "Kin iya yanzu?" Bara Rolake ta ce tukuna, iyakarta ƙananan jimloli irin su manomi yana son gona, sarauniya ta ba baƙo ruwa. Bana kuwa baki ya zame mata, ta ce ai yanzu littattafan manya suke karantawa. Ashe tsohuwa ta riƙe maganar.

"Iya Sikira!" Mama Agba ta ƙwala wa maƙwabciyarta mai sayar da gishiri da manja kira. "Duba mini rumfa. Wanda ya zo ki auna masa, amma kada ki yi masa tozo irin naki, ba gadon ubanki ba ne."

"Ji tsohuwar rowa! Je ki, na ji."

Sai ta kwance bakin zaninta. Leda ce ta fito, cikin ledar hankici, cikin hankicin wata takarda da ta yi ja don tsufa, ninkinta har ya fara rabewa. Ta riƙe ta a cinya, ba ta miƙa ba.

"Babanki ba shi ne na fari ba. Na yi wata haihuwar kafin shi. Mace."

Rolake ta tsaya da baki buɗe. Shekararta ashirin, ba ta taɓa jin ko da a bakin masu gulma ba.

"A asibitin mishan na garin kakanki. Kwananta uku. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, ban san inda kaina yake ba, na farfaɗo an riga an kai ta. Kin san ba a nuna wa uwa inda aka sa ɗanta. Suna kuwa sai kwana takwas, ita ba ta kai ba. Uwar mijina ta ce baƙuwa ce ta leƙo ta koma, kada in ƙara ambatonta. To da me ma zan ambace ta?"

Ta shafa takardar da babban yatsa.

"Ranar da aka sallame ni, Fada Bature, limamin cocin, ya sa mini wannan a hannu. Ya yi magana da gurgun Yarabancinsa, ni kuka nake, ban ji komai ba. Kakanki ya duba ya ce ba Turanci ba ne, yaren coci ne, in ajiye. A zamaninmu kuwa an koya mana duk wanda ya tafi babu baftisma ba ya ganin fuskar Ubangiji. Shi ne nake so in sani. An yi mata ko ba a yi ba."

"Mama Agba, shekara hamsin da wani abu! Ai da kin kai wa Fada ya karanta miki."

"Sau uku ina zuwa har ƙofarsa ina komawa. In ya ce ba a yi ba, a gaban wa zan faɗi? Ke ko kin ce ba a yi ba, jinina ce ke, ina iya zaginki in huce."

Rolake ta karɓa. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ya fi na jarrabawa. Layi shida ne kacal, amma da rubutun hannu mai kwanciya, tawadar ta koɗe, kuma Fadan ya gutsuttsure kalmomi kamar ana sayar masa da haruffa. Ba haka Latin yake a littafin aji ba, inda komai ke tsaye fes da bayani a ƙasan shafi. Makon jiya ma maki arba'in da ɗaya ta ci a gwaji, Dokta Fagbenro ya rubuta mata da jan biro cewa ita ba fassara take ba, abin da take so marubucin ya faɗa take rubutawa. Yau kuwa ta san sarai abin da take so takardar nan ta faɗa. Da za ta buɗe baki ta ce an yi, ba mai kama ta har abada.

Ta kifar da kwanon awo, ta ɗora ƙamus a kai, ta ciro biro. Ta yi yadda aka koya mata: ta kwafe kalmomin ɗaya bayan ɗaya a bayan littafinta, ba ta yarda idonta ya yi tsalle zuwa ƙarshe ba. Kwanan wata ya fito, tara ga Agusta, 1968. Sunan kakanta ya fito, da na Mama Agba, Felisiya, wanda rabon da wani ya kira ta da shi har an manta. Sai wasu kalmomi uku da ta gane ba tare da ƙamus ba: ana fargabar mutuwa.

"Me ya ce? Na ga fuskarki."

"Ki bari, Mama Agba. Ban kai ba."

"Shekara biyu ana biyan makaranta, layi shida ya gagare ki?"

"Wallahi in kika ƙara magana zan tashi."

Tsohuwa ta haɗa hannuwa a cinya kamar yarinya a gaban malami. A waje Iya Sikira na ciniki da wata mata a kan mudu biyu, mai baro na ihun a ba shi hanya. Rolake ta buɗe ƙamus ta rufe, ta sake buɗewa, garin alabo na manne wa shafukan. Wata kalma ta ba ta wuya har gumi ya ɗiga a kan takardarta, sai can ta gane harafin farko ba abin da ta zata ba ne. Ashe ungozoma kalmar ke nufi. Ta bi layin har ƙarshe, ta koma farko, ta sake bi sau biyu don kada son zuciyarta ya yi mata karatu.

"Mama Agba," ta ce. "Akwai kalma biyu a ƙasa da ban iya karantawa ba, tawadar ta goge. Sauran na karanta. Fada ba ya nan a lokacin. Ungozomar ce, wata Teresa, da ta ga yarinyar za ta tafi, ta zuba mata ruwa da hannunta. An yi mata baftisma. Fada ya dawo ya rubuta ya sa hannu."

"Kin tabbata? Ko daɗin baki kike mini?"

"Ga shi nan." Ta kamo yatsan kakarta ta ɗora a kan kalmar. "Na rantse miki ba ni na sa ba."

Tsohuwar ta lumshe ido, leɓɓanta na motsi, hawaye na bin tsagen kumatunta. Rolake ta bari sai da ta numfasa.

"Da saura. Ba a baftisma babu suna. Ta sa mata suna."

Idon ya buɗe.

"Sisiliya."

"Sisi... sake faɗa."

"Sisiliya."

"Sisiliya," in ji Mama Agba a hankali. Ta sake faɗa, ta ƙara. Sai ta share fuska da gefen zani, ta dafa buhu ta miƙe, ta leƙa waje.

"Iya Sikira! Ɗebo mini gishiri kaɗan, da manja a murfi. Ki aika wajen Alhaja ta layin baya a samo zuma da goro. Rolake, miƙo ruwan nan."

Aka jera su a kan faranti bisa buhun alabo. Ta lakato gishirin ta sa a harshe, ta kira sunan. Ta lakato zumar, ta kira sunan. Ta ɓare goron ta miƙa wa jikarta rabi.

Iya Sikira ta tsaya a bakin rumfa, hannu a ƙugu.

"Wai suna ake yi a nan ba a gaya mini ba? Wa ya haihu?"

"Ni," in ji Mama Agba. "Shigo ki sa albarka."