Kwalba Mai Lamba Sha Bakwai

Mako takwas ke nan ina buɗe akwatin ɗumi kowace safiya domin duba kwalba mai lamba sha bakwai. A cikinta muka shuka kakin Yayata, wadda ke fama da tarin fukan da ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Likita ya ce idan ƙwayar cutar ta tsiro, to sabon maganin ma ya gaza, kuma za ta ci gaba da zama a ɗakin keɓewa, nesa da jaririyarta.

Tun da na gama difloma na kama aiki a ɗakin gwaji, duk kwalbar masu wannan cuta da ta biyo ta hannuna cika take yi da tsiro kamar ɓurɓushin burodi. Wannan kuwa fes take. Na yanke a raina cewa mantawa na yi ban zuba kakin ba. Na ɗauko takarda na fara rubuta cewa gwajin ya lalace.

Shugabarmu, wadda muke kira Anti, ta leƙo ta kafaɗata.

"Sarkin fargaba, me kake rubutawa?"

"Anti, kuskure na yi. Babu komai a ciki."

"Ikon Allah! To me kake so ka gani, kifi?"

Ta jawo littafin aiki, ta nuna mini sa hannunta kusa da nawa. "A gabana ka zuba, kana ta salati. Kai dai ba ka taɓa ganin ta wanda ya samu sauƙi ba ne."

Ta ɗaga kwalbar saitin taga, muryarta ta yi ƙasa. "A da, allura ake yi wa masu cutar nan kullum har wasu su kurmance, kuma da yawa ba su tashi ba. Majinyatan wasu ƙasashe, waɗanda ba su san da yayarka ba, su suka yarda aka fara gwada ƙwayoyin sabon maganin nan a jikinsu."

Na karɓa da hannu biyu. Haske ya ratsa gilashin, shimfiɗar da aka shuka kakin a kai koriya shar, ko ɗigo babu.

Na yaga takardar, na rubuta sakamakon a tsanake, na kai wa likita. Ya karanta, ya cire tabarau ya dube ni.

"Kira mijinta," in ji shi. "Ka ce ya taho da yarinyar, kada ya manta zanen goyo."