Gwiwar Baba Ta Daina Kuka

Auta ta turo ƙofar ɗakin feshi da kafaɗa, ƙusar gwiwar mahaifinta a aljihun rigar aikinta. Shi kuwa Baba ta baro shi a ɗakin baƙin masana'antarsu, ƙafarsa ta roba a jingine da kujera.

Ƙusar ta titaniyom ce. Ƙarfe ne marar nauyi mai ƙarfin tsiya, amma ba ya jure guga. Ta cinye ta gefe, har Baba ba ya taku ɗaya sai gwiwar ta yi ƙiiƙ. Aikin Auta a masana'antar shi ne maganin irin wannan: bindigar wuta ta narkar da garin ƙarfe mai tauri, ta fesa shi a jikin titaniyom ya zame masa sulke. Sai dai dokar wurin ta hana sa kayan gida a injin, an ma taɓa korar wani a kan haka. Baba ne ya dame ta da naci.

Ta kankare ƙusar, ta ɗaure ta, ta toshe kunnuwa ta kunna bindigar. Tana kashewa ta ga Manaja tsaye a bayanta.

"Wannan kayan wane kamfani ne?"

Ta matsa ta tare ƙusar da jikinta.

"Bar shi, na ga mai kamfanin a ɗakin baƙi," in ji Manaja. Ya gyara wuyan riga. "Wai ke kike cewa a gida ba a taɓa yin shugaba mai tausayina ba?"

Abin da take cewa a gida ba ya maimaituwa.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To, goge ta da kyau. Kada ki maimaita."

A mota ta harari Baba. "Ƙarya fa ka yi masa."

"Gyara miki magana na yi," ya ce, yana lanƙwasa gwiwar yana miƙewa. Shiru kake ji. Murnarsa har ta so ta yi yawa.

Washegari tana cikin aiki Umma ta kira.

"Wa ya sa ki?"

"Me na yi, Umma?"

"Mutumin da likita ya hana zaƙi! Da kukan gwiwar nan nake kama shi in ya nufi firji. Yau ina kicin ya wuce ta bayana ya shanye lemo, ko motsinsa ban ji ba. Maza ki mayar masa da kukan."

"Umma, wannan feshin sai ya shekara goma bai cinye ba."

Daga nesa ta jiyo muryar Baba: "Allah ya yi miki albarka, Injiniya!"

Da aka tashi, Auta ta biya kasuwa ta sayi takalman maza masu kyau, irin masu ƙara a kan tayil. Ta sa aka naɗe su a takardar kyauta.